Ɓeran Masar ba kaza ba ne

1/ Jama'a, yau zancen ɓeran Masar zan yi, musamman jariransa. Na san wani zai ce duk matsalolin ƙasar nan ba ka ga na magana ba sai ɓera. To a yi haƙuri. A lungunanmu na Shahuci yara da yawa da shi suke fara kiwo kafin su kai ga zomo ko tattabara, kuma duk rani sai an yi ta kwasar gawa. A ce annoba ce. Galibi kuwa abinci ne.

2/ Sunan ma yaudara ce, bai haɗa komai da Masar ba. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda har gobe ake gasa shi a ci. Dabbar ciyawa ce ta ƙasa mai sanyi. Sai ga shi a cikin ganuwa, a gidan da ko tsiro babu, ana zuba masa abin da ake zuba wa kaji: ragowar tuwo, ƙanzo, shinkafar jiya, dusa.

3/ Ni tun ina firamare nake kiwonsu a saman soronmu. Yanzu ɗan yayata ya gaje ni, nawa sai leƙe da faɗa. Duk ranar da aka haihu sai ya sauko a guje: "Kawu, in kaɗa musu madara?" Amsata ba ta canzawa: ka bar musu uwarsu.

4/ Cikinsa daɗewa yake, kwana 59 zuwa 72, ninkin na zomo ke nan. Shi ya sa jariran suke fitowa a shirye: ga gashi, ido a buɗe, haƙora sun fito. Ɗan zomo kuwa tsirara yake zuwa, makaho. Wallahi cikin kwana ɗaya ko biyu za ka ga ɗan mitsitsin abu ya tsaya gefen uwa yana gwaguyar ganye kamar wani magidanci.

5/ Uwar nono biyu kacal gare ta, amma tana iya haifar huɗu ko biyar. Bi da bi suke sha. Don haka aikinka uwar ce: ta ƙoshi, ruwa mai tsafta kada ya yanke. In ka ga ɗaya ana ture shi, ka ware manyan na ɗan lokaci ya samu ya sha.

6/ Madarar gari, madarar gwangwani, nonon shanu, duk zawo suke sa su. In uwar ta mutu, Allah ya kiyaye, ka nemi wata mai shayarwa ka haɗa su, sau da yawa tana karɓa. In babu, ka jiƙa dusa kaɗan da markaɗaɗɗen ganye ka miƙa a cokali ya lasa da kansa. Ban da ɗura da sirinji, shiga huhu yake.

7/ In ka ga jariri yana cin kashin uwarsa kada ka kore shi. Ba ƙazanta ba ce a wajensu, ta nan yake samun ƙwayoyin da za su taya cikinsa narka ciyawa.

8/ Yanzu ga babbar maganar. Akuya, zomo, kaza, kare, duk jikinsu na haɗa bitamin C da kansa. Ɓeran Masar ba ya iyawa, kamar dai ni da kai. Sai ya ci. Wannan ne ma ya sa a 1907 wasu likitoci biyu a Norway, Axel Holst da Theodor Frølich, da suka ciyar da ɓerayen Masar hatsi zalla, suka ga sun kamu da ciwon nan da ke kashe matuƙan jirgin ruwa masu wata da watanni ba ɗanyen abu: dasashi na jini, gaɓoɓi na kumbura.

9/ Hatsi zalla fa. To ku duba kwanon da ke cikin akurkin yaranku daga Janairu zuwa Mayu. Da damina yara na yanko ɗanyar ciyawa, komai lafiya. Rani na shiga sai a koma dusa tsura. Bayan ƴan makonni sai ka ga dabba na jan ƙafar baya, gashi ya tashi, in an taɓa ta tana ƙara. Sai a ce sanyi ya kama ta, ko an yi mata baki. Mai ciki da jarirai su ke fara tafiya.

10/ Maganin bai kai kuɗin kati ba. Daga nan zuwa Kasuwar Rimi tafiyar ƙafa ce. Koren tattasai, wanda ba ya da yaji, shi ne sarki, yanka ɗaya kullum ga kowanne. Gwaba in lokacinta ne, kaɗan. Latas, ganyen karas, ganyen dankalin Hausa, ɓawon masara ɗanye, gurji, ɓawon kankana. A wanke sosai saboda feshi, a bari ya tsane.

11/ Kabeji kaɗan-kaɗan, yana kumbura ciki, su kuma ba sa iya amai. Sabon abu ko wane iri ne a fara da ɗan guntu a ga yadda kashi zai fito.

12/ Amma ganye ba shi ne tuwonsu ba, miya ce. Tuwon shi ne busasshiyar ciyawa, ta zauna a gabansu dare da rana. Haƙoransu ba sa daina tsiro har mutuwa, tauna ce ke rage su. Harawar wake ko ta gyaɗa ta yi wa mai ciki, mai shayarwa da jarirai daidai. Manya kuwa a rage musu, in ta yi yawa tana iya kawo tsakuwa a mafitsara. Wadda ta yi fumfuna a zubar, ko nawa aka saya.

13/ Abin da ba a ba su sam: albasa, tafarnuwa, dankalin Turawa da ɓawonsa, ganyen tumatir, fiya, burodi, biskit, duk wani abu mai mai ko gishiri. Mama ta ce "ai almubazzaranci ne a zubar da ragowar miya." Gaskiyarki Hajiya, a ba kaji.

14/ Sai maganar kafso. Wani yaro a layinmu ya ga nasa sun yi laushi, aka ba shi shawara ya fasa Ampiclox a ruwan shansu kamar yadda ake wa kaji. Kwana uku duka shida suka tafi. Kuɗin sallarsa ne na shekara biyu. Dangin penisilin kashe musu ƙwayoyin hanji suke yi. Likitan dabbobi kawai zai faɗi wanda ya dace.

15/ Zafin Afrilu ma kisa yake, akurki a ƙarƙashin kwano tanda ce. Mu zaure muke sauko da su, mu jingina musu gorar ruwan sanyi a naɗe da tsumma su kwanta a jiki.

16/ Sati uku ake yaye. Ranar ka ware mazan, don ɗan sati uku zuwa huɗu yana iya yi wa uwarsa ko ƴar'uwarsa ciki, ita kuma macen tun tana wata ɗaya take ɗauka. Namu na wannan karon huɗu ne, uku maza, ranar Juma'a za su koma nasu akurkin.