Kwana Uku a Asibitin Shika

Ba yawon buɗe ido ya kai mu Zariya ba. Matar wani abokin aikinmu ta haihu lafiya, aka yi suna, aka ci aka sha. Bayan mako shida sai ƙafafunta suka kumbura. In ta kwanta numfashi ya gagare ta, sai ta kwana a zaune tana tari. Likitan da ya duba ta a garinmu ya ce zuciyarta ce ta gaji, ya rubuta takarda ya ce a kai ta Shika. Mijinta ya roƙe mu mu raka su, gama ya san muna da wata tsohuwar ɗaliba da ke aikin likita a can.

Muka tashi daga Saminaka da asuba, lokacin masara ta fara kai gwiwa. Muka bi ta Pambeguwa da Soba. Uwar maijegon tana baya riƙe da jariri, ba ta ce uffan ba har muka hango Zariya. Daga baya muka gane dalili. Ita ce ta yi wa ɗiyarta wankan jego safe da yamma, ita ce ta dama mata kunun kanwa, sa'an nan wata maƙwabciya ta faɗa mata wai wankan ne ya jawo ciwon. Da wannan nauyi ta shiga mota.

Wanda bai san Zariya ba zai yi tsammani da ya ga ganuwa ya iso. Ina! Sai ka wuce Tudun Wada, ka wuce Sabon Gari da Kwangila, ka bi ta Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello ta ke, ka ci gaba a kan hanyar Funtuwa, kana ka ga manyan gine-ginen asibitin. An kafa jami'ar a 1962, aka fara koyar da aikin likita a 1967, zamanin da Farfesa Ishaya Audu ke shugabancinta. Shi kansa likitan yara ne, a Wusasa ya yi karatun farko, garin da ya ba Arewa likitanta na fari, watau Dakta Barau Dikko. Shekaru da yawa asibitin koyarwa yana rarrabe, wani sashe a Tudun Wada, wani a Kaduna, wani a Malumfashi. Sai a 2005 aka tare a Shika.

Ɗalibarmu ta tarye mu a bakin ƙofa cikin farar riga. Yarinyar da muka koya wa jimla da ɗebewa, ga ta da abin sauraron ƙirji rataye a wuya. Ta rusuna ta ce, "Malam, sannunku da hanya." Kafin la'asar an ba maijego gado, an ɗauki hoton zuciyarta, an fara ba ta maganin da ke fitar da ruwa daga jiki.

Washegari da safe muka ga abin da ya sa a ke ce da wurin asibitin koyarwa. Babban likita ya shigo ɗakin marasa lafiya, bayansa jerin mutane kamar kaza da 'yan tsaki. A kowane gado sai su tsaya. Wani ƙaramin likita ya karanta labarin mai ciwo, babban ya yi tambaya, in an kāsa amsa ya juya ga na kusa. Mu da muka yi shekara ashirin muna yi wa yara tambaya a aji, sai muka ji tausayin ɗaliban nan, gama mu alli da allo ne a gabanmu, su kuwa mutum ne kwance yana jin duk amsar da suka bayar.

Da ta sami sarari, ɗalibarmu ta zauna da mu a inuwa ta lissafa mana matakan. Shekara shida a jami'a, shekara guda ta gwajin aiki a asibiti, shekara guda ta bautar ƙasa. Mai son ya ƙware kuma sai ya sāke komawa ɗalibi na waɗansu shekaru, yana aiki dare da rana yana karatu. Hukumomi biyu ke yi musu jarrabawa: Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma, da Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979. Kafin mutum ya ci jarrabawar ƙarshe tilas ya yi bincike na kansa, ya rubuta shi littafi guda, ya zauna gaban manya ya kāre shi. Ta ce da yawa sukan fāɗi sau ɗaya ko sau biyu. Muka tambaye ta yaushe ta ke barci. Dariya kawai ta yi.

Sai muka kawo maganar da ke damun tsohuwa. Ta ce, "Malam, ai wannan tambaya a Zariya aka fara yinta."

Ga yadda abin ya ke. A 1969 wani likita mutumin Wels mai suna Eldryd Parry ya zo ya zama farfesa a sashen cututtukan manya, bayan ya yi aiki a Ibadan da Adis Ababa. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka lura mata masu jego suna ta zuwa da kumburi da haki. A Turai wannan ciwo ba safai a ke ganinsa ba, amma a Zariya an kimanta yana kama mace ɗaya cikin kowace ɗari da suka haihu. Ba su tsaya ga ba da magani ba. Suka tambayi matan me su ke ci, yaya su ke wanka, ina su ke kwana. Nan suka ji labarin kwana arba'in na tafasasshen ruwa da ganye, da gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Suka rubuta labarin mata 224, aka buga a 1978. Ra'ayinsu shi ne, kanwa tana tara ruwa a jiki kamar yadda gishiri ke yi, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki, har ta gaza. Ba su watsar da matan ba kuwa. An yi ta bin sawunsu ƙauye ƙauye, har aka buga abin da ya same su bayan shekara ashirin da wani abu.

Shekaru da dama haka a ke koya wa ɗaliban likita a ko'ina cikin duniya. Amma bincike ba ya jin kunyar gyara na gaba da shi. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero a Kano ya jagoranci likitocin zuciya daga asibitoci da yawa na Nijeriya, suka sāke duba maganar, aka buga sakamakon a 2020. Sun tarar har yanzu ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma. Sai dai abubuwan da suka fi tafiya tare da shi su ne ramar uwa, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jini lokacin ciki. Ba su ga wankan jego ya bambanta masu ciwon da marasa shi ba. Sun kuma nuna yawancin masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyam.

Ɗalibarmu ta je ta durƙusa gaban tsohuwa ta faɗa mata wannan da Hausa mai sauƙi. Ta ce, "Mama, ba ke kika sa mata ciwo ba. Amma yanzu da zuciyarta ta raunana, a bar kanwa, a rage gishiri, a daina ruwa mai zafin nan. Kada kuma ta sāke ɗaukar ciki sai likita ya duba zuciyar ya yarda." Tsohuwa ta share ido da bakin zane. A daren nan ne muka fara ganin ta ci abinci.

Ba ciwon zuciya kaɗai aka bincika a wannan sashe ba. Masu karatunmu na Kaltungo da ƙasar Tangale sun san kububuwa, wadda waɗansu ke kira gobe-da-nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zub da jini har ta dasashi. David Warrell, wanda ya yi aiki a Zariya a farkon shekarun 1970, shi da abokansa suka bazu da wani gwaji wanda ko ƙaramin asibitin ƙauye zai iya yi. A ɗibi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata ta. In jinin bai daskare ba, dafi ya shiga, a yi maza a ba da allurar maganin dafi. Har yau ana amfani da gwajin nan a Afirka da Asiya.

Sanƙarau kuma, wanda ke zuwa da zafin bazara, Brian Greenwood ya yi shekara goma a Zariya yana fama da shi, daga 1970 zuwa 1980. A nan aka gwada allura guda ɗaya tak mai daɗewa a jiki, maimakon allurai da yawa kowace rana. Wanda ya taɓa ganin annoba, marasa lafiya kwance a ƙarƙashin itatuwa ma'aikata kuwa ba su fi a ƙirga da yatsa ba, shi zai san darajar wannan. Sunan da ke kan gaba a rahoton da aka buga a 1979 na ɗan ƙasa ne, Dakta Sadiq Wali, wanda daga baya ya shugabanci asibitin koyarwa na Kano.

Duniya ta yaba musu. Parry ya tsara babban littafi kan aikin likita a Afirka wanda ya fito a 1976, ya je ya kafa makarantar likita a Ilori, ya yi aiki a Kumasi, Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 2011. Ya rasu a 2022. Greenwood ya tafi Gambiya ya shugabanci cibiyar bincike shekara 15, shi ma aka ba shi lambar girma a 2012. Warrell ya zama farfesa a Oksfod. Ba mu yi musu hassada ba, sun yi aiki. Amma muna zaune a barandar nan sai muka tuna da waɗanda ba a buga sunansu ba: tafintan da ya juya maganar maijego zuwa Turanci, da ma'aikaciyar jinya da ta auna fitsari da tsakar dare, da direban da ya san hanyar kowane ƙauye, da matan nan 224 da suka yarda baƙo ya yi musu tambaya a kan abin da mace ba ta cika faɗa wa namiji ba.

Muka tambayi ɗalibarmu ko ita ma tana sa ran lamba. Ta ce abin da ke gabanta yanzu shi ne ta gama tattara bayanan bincikenta kafin lokacin jarrabawa. Ta nuna mana wani babban littafi mai layi-layi, irin wanda mu ke kiran suna da shi a aji, kowane layi mai ciwo guda. Ta ce cikin waɗanda suka gama jami'a tare, da dama sun tafi Ingila da Saudiya, kusan kowane wata sai wani ya aiko mata da saƙo ta zo. Muka ce, "To, za ki tafi?" Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Malam, bari in ci jarrabawa tukuna." Ba mu matsa mata ba. Wanda bai kwana a tsaye a ɗakin marasa lafiya ba, bai kamata ya yi saurin yanke wa mai kwana hukunci ba.

Rana ta uku kumburin ya fara saɓewa, maijego ta kwana a kwance da matashi biyu. Likitoci suka ce za ta ƙara kwanaki, bayan an sallame ta kuma za ta riƙa dawowa a duba ta, gama waɗansu zuciyarsu takan warke sarai cikin watanni, waɗansu kuwa sai sun daɗe a kan magani. Mu dai aji yana jiranmu, sai muka bar mijin da surukarsa a can. Tsohuwa ta rako mu har bakin ƙofa da jariri a baya, ta ba mu saƙo mu faɗa wa mutanen gida a sauke tukunyar wanka daga murhu, itacen da ya rage kuma a ajiye mata na girki.