Kano Daga Kan Dala, a Idon Baƙon Damagaram

Mu mutanen Damagaram ba kasafai muke zuwa Kano don kallo ba. Sari ne ke kawo mu, ko asibiti, ko biki. Mutum ya biyo ta Matamaye da Kwangwalam, ya ratsa Daura da Kazaure, ya canji sefarsa a Wapa, ya faɗa Kantin Kwari ko Singa, ya ɗaure kaya ya nufi tasha. Idan ka tambaye shi ya ya ga Kano, farashin atamfa zai gaya maka da cunkoson adaidaita sahu. A wannan zuwan ni ban riƙo jakar fatauci ba, garin na zo gani.

A Ɗorayi na sauka, gidan wani yayana da ke aiki a kamfanin jima a Challawa. Unguwa ce ta masu sammako. Ana idar da sallar asuba titi zai cika da babura da motocin ma'aikata, waɗansu Sharaɗa, waɗansu Challawa, masu nisan tafiya kuma su ratsa gari zuwa Bompai. Baƙo zai ɗauka sabuwar unguwa ce da masana'antu suka haifa, alhali tana da tsohuwar alaƙa da sarauta. Akwai gidan Sarki a nan, kuma Hawan Ɗorayi na cikin jerin hawan da ake yi a kwanakin Sallah, tare da na Daushe da Nassarawa da Fanisau. Wannan hawan Sallah na Kano ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024.

Na ce da maigidan, "Yaya, ka taɓa hawa Dala kuwa?" Ya dube ni ya yi dariya. "Me zan ɗauko a can? Wannan ai aikin 'yan makaranta ne da Turawa." Ƙarshe dai ɗansa ya haɗa ni da shi.

Ta Kabuga muka shiga, ƙofar da ake cewa ta nan sojojin Ingila suka kutsa birni a 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Goron Dutse ne ya fara tarbarmu, jan tudu mai faffaɗan kai, da tankunan ruwan gari a bisansa, gidan yari kuma a gindinsa. Ba mu daɗe ba muka wuce, don hankalina yana kan ɗan'uwansa.

Wanda ya saba da duwatsun Birnin Damagaram, manyan ƙwallaye masu santsi da suka hau kan juna, zai ga Dala daban. Marmara ce ja, gidaje sun matse ta ta ko'ina, har sai ka zo gindinta ta lungu kafin ka san ka iso. An yi mata matakala ta siminti, hawan bai da wuya ko ga dattijo, in dai zai riƙa hutawa. Amma da ka kai sama ka juyo, sai bakinka ya mutu. Gari ne shimfiɗe iyakar ganinka, gabas da yamma, kudu da arewa, ba inda za ka ce ga ƙarshensa. Ga koren tulluwar Babban Masallaci da hasumiyoyinsa, ga Gidan Rumfa kusa da shi, ga rufin rumfunan Kurmi a cunkushe. Muna tsaye aka fara kiran sallar la'asar. Wani ladanin ya ɗauka daga nan ƙasa, wani ya karɓa daga can Fagge, kafin ka ankara ɗaruruwan muryoyi sun haɗu suna tasowa sama. Ban taɓa jin kiran salla ya zo mini daga ƙasa ba sai ran nan.

A kan wannan tudu tarihin garin ya fara. Masu haƙar kayan tarihi sun sami shaidar narkar da tama a nan tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin baka yana cewa maƙera ne daga Gaya suka zo neman ƙarfe suka zauna. Nan Barbushe, jagoran masu tsafi, yake hawa wurin gunkin Tsumburbura, ya sauko ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Sai Sarki Bagauda a 999, sai jikansa Gijimasu da ya fara ganuwa. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya hau nan ya zana hoton garin, ya ƙiyasta mazaunansa kusan 30,000. Abin da ya fi burge shi kuwa tufafi ne, yadda saƙa da rinin Kano ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Yau wannan adadi ko unguwa ɗaya bai cika ba.

Abin da na fahimta a can sama, na kuma tabbatar da shi da na sauko, shi ne Kano gari ne na masu sana'ar hannu kafin ya zama na 'yan kasuwa. Maƙeri ne ya kafa shi, masaƙi da marini da majemi suka yi masa suna, sannan fatake suka kwasa suka kai duniya.

A marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke cewa tun 1498 take, na tarar da dattawa zaune bakin rijiyoyin rini, hannuwansu sun rine har gwiwa. Baba ne da toka da ruwa, a bar su su ruɓa kwana da kwanaki, sannan a riƙa tsoma ƙyalle ana ɗagawa ya sha iska. Yana fitowa kore-kore, a gaban idonka ya juye shuɗi. Gefe guda masu bugu suna ta dukan yadi a kan gungume, sautin yana tafiya bi da bi har ka rantse kiɗa ne. Na ce da wani tsoho, "Baba, sannu da aiki." Ya ce, "Yauwa ɗana, daga ina?" Da ya ji Damagaram sai fuskarsa ta washe, ya ce ai Buzayenmu ne manyan masu sayen baƙin rawani tun zamanin kakanni, musamman ɗan Kura mai ƙyalli. Rijiyoyi da yawa dai sun bushe, an cike wasu da shara. Yadin kanti mai araha ya ci kasuwar, kuma yawancin masu tsoma hannu a baba yanzu furfura ta kama su.

Kurmi kuwa, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa, ba a shigarta da gaggawa. Lungunanta ƙunci gare su, mutum biyu sai sun karkata. Layin dukawa da warin fata, layin masu kayan doki da sirdi da linzami da likkafa, 'yan turare, 'yan littattafai da allo da tawada, masu kanwa wadda na san daga wajenmu ta fito. Sunayen unguwannin da ke kewaye kaɗai sun isa darasi: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna. Kowa ya zo da abin hannunsa an ba shi wuri, jikokinsa kuma sun zama Kanawa. Mu da muka taɓa kawo wa Kano yaƙi zamanin Amadu Kuran Daga, ga shi gurasa bandashe aka tarbe ni da ita a Jakara, ba wanda ya tuna mini.

Na leƙa Gidan Makama, inda aka adana tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zamanin Turawa. Ginin kansa ya fi kayan cikinsa ɗaukar ido: katangar ƙasa mai kauri, bakan gizo da azara, ga sanyi a ciki ba fanka ba na'ura.

Da dare yayana ya ba ni labarin aikinsu. Fatar akuya da ta tunkiya ce ake kawowa daga ko'ina a Arewa, har daga Nijar, a jeme ta da inji da sinadarai maimakon bagaruwa, a loda zuwa Italiya da Sifen. Na ce masa ai ita ce fatar da raƙuma ke ketare Sahara da ita a da, Turawa na kiranta fatar Maroko don can suke sayenta. Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani kamfanoni da yawa a Sharaɗa da Bompai sun rufe saboda rashin wuta, masaƙu ne kuma suka fi shan wuya. Duk da haka kullum da asuba yana kan babur.

Abu ɗaya ya sosa mini rai, wato badala, ganuwar birni. A wurare da dama an yashe ta an yi bulo, an kafa shaguna a inda take, wasu ƙofofin kuma an rushe an sake su da siminti. Garin da ya iya riƙe rini shekara ɗari biyar bai kamata katangarsa ta gagare shi ba.

Ɗan'uwa mai zuwa sari, in ka gama da Kwari ka ware yini guda. Ka je Ƙofar Mata da hantsi lokacin da marina ke aiki, ka hau Dala bayan rana ta yi sanyi, kuma ka guji lokacin hunturu, don hazo zai rufe maka rabin garin.