Tafiya a bakin kanal na Difa

Wanda ya fito garin Difa da sassafe ya nufi gulbin Kumadugu, ba zai daɗe ba sai ya iske gandarin noman rani. Nan kanal yake, wato hanyar ruwa da aka gina da siminti. Inji ke jawo ruwa daga gulbi ya zuba ciki, kanal kuma ya raba ma gonaki. Ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke kama ma koperatif ɗin manoma a irin waɗannan gandaye, kamar na Difa da Lada da Tam.

Ruwan nan baƙo ne. Daga ƙasar Kano da ta Bauci yake tasowa, ya bi iyakar Nijar da Najeriya wajen kilomita 150, kana ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso. Da damina yake isowa, kafin bazara ya janye. Wata shekara kuwa ya zo da fushi, kamar 2019 da 2022, da ya ci gonaki da gidaje.

Mai tafiya a bakin kanal zai ga shinkafa a hannu ɗaya, tattasai a ɗaya. Amma abin da zai tsaida shi, tsoffin ɗakuna ne masu rufin kwano, inda dā ake niƙa da casar shinkafa. Injin ya mutu ko an ɗauke shi. Dakalin simintin da aka ɗaure shi a kai yana nan, ga baƙin mai a ƙasa, ga ƙofar da hayaƙi ke fita.

Dalilin shirun ba ɓoyayye ba ne. A watan Fabrairu na 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana cinikin tattasai har 2017. Mai da takin zamani suka yi wuya. Manomi bai noma ba, mi mai inji zai niƙa?

Ɗakunan dai ba duka suka lalace ba. Wani ya zama mangaza, an jera buhunan busasshen tattasai har rufi, yajinsa na sa mutum atishawa tun daga waje. Wani kuma an share shi, an shimfiɗa tabarmi, an jingina allo bisa dakalin injin, manoma na koyon karatu da lissafi da marece. Wannan dabara ta yi, don mai iya karanta sikeli ba a cutarsa wajen awo. Wanda aka bar ma awaki ne abin takaici, gini mai ƙwari, kwano biyu kawai yake so.

Can ƙarshen gandari kanal ya tsage, ciyawa da yashi sun cika shi. Masu gonakin farko sun sha ruwa sun tafi gida. Na ƙarshe suna tsaye da shebur, suna jiran nasu har rana ta take.