Kuɗin abincina na wata guda ya tashi sama

'Yan uwa, wanda ya gan ni ina tsintar farin soson kwalin firij a kasuwar Kafanchan, ba hauka ba ce, jirgi nake haɗawa.

Na farko ko motsi bai yi ba. Na zuba masa Super Glue, ina kallo soson ya narke. Ashe gam ɗin kyandir ake sawa. Na biyu kuwa kuɗin abincina na saka ciki: injin, farfela, batir da rimot, duk daga Kaduna aka kawo. Sati uku ina shan garin kwaki, Inna tana kira ina cewa lafiya lau.

Ranar Asabar muka fita fili bayan makaranta, ana iska daga wajen dutsen Kagoro. Ya tashi! Wallahi hannuna har rawa yake. Sai ya ɗaga hanci, ya tsaya cak, ya dawo ƙasa. Laifina ne, batir ɗin ya yi baya da yawa. Ya kamata in ɗora fiffiken a kan yatsu biyu, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba, in ga ya daidaita.

Injin bai mutu ba. Wa ke da soson firij a hostel?