Mussar Alhaji da ƙasar da aka rufe

Ruwa ba ya tsami banza, in ji Hausawa. Wani ɗan kasuwa na Maraɗi, mai sayar da atamfa da shadda, ya san wannan magana tun yana yaro, amma sai da ya yi furfura mussa ta koya masa ma'anarta.

Mussar ta mahaifiyarsa ce. Tsohuwar ta tsince ta tana ƴar ƙarama, ta raine ta da madara a marfin kwano, kuma da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta bar masa amanarta. Shekara 7 mussa tana gadin mangaza. Ɓera bai taɓa huda turmi ko ɗaya ba, ba wanda kuma ya taɓa ganin ƙazantarta, domin a rairayin tsakar gida take tonawa ta rufe.

Da kasuwa ta yi albarka, Alhaji ya sa aka shafe tsakar gida da siminti, daga zaure har bakin madafa. Aka aje wa mussa ƴar tasa da yashi kusa da injin wuta, aka ce yaro ya riƙa zubarwa in ya tuna. Ba a yi mako biyu ba sai zarni ya cika mangaza: turmi uku na shadda sun ɓaci. Alhaji ya yi mata duka, ya goga hancinta a wurin, ya sa aka wanke da ruwan Javel. Kashegari ta koma daidai gun. Daga nan sai ta bi dardumarsa ta salla, ga shi malaman Malikiyya sun ce fitsarinta najasa ne, ko da yake ragowar ruwan da ta sha mai tsarki ne.

Ran Alhaji ya ɓaci. Ya ce a sa ta cikin buhu, a kai ta can hanyar Madarunfa a yar. Uwargida ta ce: «Alhaji, amanar Inna ce fa. A bari ta kwana tukuna.»

A daren nan ya kai kukansa wurin maƙwabcinsa, tsohon ma'aikacin kiwo da ya yi ritaya. Dattijon ya saurara, sannan ya ce: «Tsaye take yi ko tsugune? Da yawa ne ko ɗigo-ɗigo? Kuma me ya canza a gidan?»

Ya bayyana masa cewa mussar da ta tsaya, ta ɗaga wutsiya tana karkaɗawa, ta fesa wa bango ko buhu, iyaka take shatawa. Muzurai sun fi yin haka, kuma fiɗiya tana raba mafi yawansu da halin. Wadda take yawan zuwa tana yin kaɗan-kaɗan, da kuka ko da jini, ciwon mafitsara ke gare ta, sai likitan dabbobi. In muzuru ne ya yi ta nishi ba abin da ke fitowa, hanyar ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Ya gargaɗe shi kada a kuskura a ba ta parasetamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Amma wadda ta tsuguna ta yi da yawa a kan abu mai laushi, lafiya lau, wurin da aka ba ta ne ba ta so.

«Kakanninta mussoshin daji ne na Afirka da Gabas ta Tsakiya, in ji dattijon. Kusan shekara 10.000 ke nan da suka biyo ɓeraye zuwa rumbunan mutane. Jikinta na tattalin ruwa, shi ya sa fitsarin ke da ƙarfi, shi ya sa kuma take binne shi. Ka rufe mata ƙasa, ka ba ta tasa mai ƙazanta a gindin injin da ke firgita ta. Duka tsoro yake ƙara mata, tsoro kuma yana ƙara ɓarnar. Warin Javel kuwa jan mussa yake yi.»

Alhaji ya yi shiru. Da gari ya waye ya sa aka kawo daro biyu masu faɗi, aka zuba rairayin gulbi mai laushi kamar zurfin yatsu uku, aka aje su a wurare biyu marasa hayaniya, nesa da abincinta. Kullum a kwashe abin da ya jiƙe, kowane mako a sake rairayi. Aka wanke mangaza da sabulu, aka shanya darduma a rana, aka rufe ƙofa har warin ya gushe. Cikin ƴan kwanaki ɓarna ta tsaya.

Bayan wata guda Alhaji ya kira magini, ya nuna masa gindin dogon yaro, inda tsohuwar takan shimfiɗa tabarmarta da la'asar, ya ce a fasa simintin wurin.

Mai karatu, ko kana da kanti ko kana riƙe da biro, in wanda ya daɗe yana yi maka aiki ba aibu ya soma kuskure, duba abin da ka canza kafin ka nemi buhu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Allah ya sa mu riƙe amana.