Hoto takwas a bakin kogin Elbe

Wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a Dresden ta ƙasar Jamus ya sayi tsohuwar kyamara mai naɗewa a kasuwar gwanjo. Ikonta ce, ƙirar kamfanin Zeiss Ikon da aka kafa a birnin a 1926. Idan an buɗe ta, idonta yakan fito bisa baƙar fata mai ninki kamar zugazugin maƙeri. Fim ɗinta mai lamba 120, wanda Kodak ya fitar tun 1901, hoto takwas kaɗai yake ba ta.

A watan Oktoba yini yakan gajarta, sinadarin kilorofil ya lalace a ganye, launukan da ya rufe su bayyana. Bayan makonni kaɗan iska ta kakkaɓe su. Saboda haka yakan daɗe a bakin kogin Elbe yana ƙiyasta nisa da haske da ido kafin ya danna sau ɗaya.

Da aka wanke fim ɗin, hotuna biyar sun ƙone, domin haske ya kutsa ta wata ƴar huda a fatar. Ukun da suka tsira ya aika wa mahaifiyarsa, yana fargabar ko Hausa ba ta da sunayen waɗannan launuka. Ta duba, ta ce wannan ruwan ɗorawa ne, wancan ruwan goro, na ƙasan kuwa jan karan dafi.

Tun ranar ya buɗe littafi, yana tattara sunayen launukan da Hausa ta ɗebo daga itatuwa da kayan kasuwa.