Kunya da amana a filin karnuka

Akwai ayyukan da ba wanda yake faɗa maka za ka yi su kafin ka baro gida. Mu da muke aikin kula da tsofaffi a gidajensu a birnin New York, kuma muna da yawa, daga zangunan Kumasi da Accra har zuwa Yamai da Kano, mun san sau da yawa tsohuwar da aka haɗa ka da ita ba ita kaɗai take a gidan ba. Akwai kare. A takardar aiki babu sunansa, amma idan mai shi ba ta iya sauka daga bene, 'ya'yanta kuma suna wata jiha, kowa ya san hannun da igiyar za ta ƙare.

Haka igiyar Bruno ta zo hannuna. Namiji ne matsakaici, ɗan shekara biyu, an riga an yi masa fiɗiya. Kafin in amsa sai da na tambayi malaminmu na masallacin unguwa batun tsarki. Ya tuna mini cewa a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne na ibada. Na ware riga ɗaya ta fita da shi, hankalina ya kwanta ta wannan fuskar. Wata matsalar ce daban take jirana a filin sakin karnuka, irin wadda ba a cika tambayar malami a kanta ba, domin baki yana nauyin furta ta.

A wannan birni doka ta ce kare a waje sai da igiya, kuma kada tsawonta ya wuce ƙafa shida. Inda ake sakinsu wurare ne da aka kewaye da waya, masu ƙofa biyu a jere don kada wani ya sulale, wasu ma da sashe na musamman na ƙananan karnuka. Abin bai daɗe ba ko a Amurka: filin Ohlone da ke Berkeley a jihar Kalifoniya, wanda ake lissafawa a matsayin na farko, ya faro ne a 1979, na Tompkins Square a nan New York kuma a 1990. A irin wannan fili karnuka goma ko ashirin da ba su san juna ba suke haɗuwa cikin ɗoki. Kuma kusan kowace rana sai wani ya ɗaga ƙafafun gaba ya hau bayan wani.

A gida mun koyi amsa iri biyu ga wannan abu. Yara su ɗauki dutse, manya su kau da kai kamar ba su gani ba, mace kuwa ta ja mayafi ta ƙara sauri. Mutanen nan ma suna da nasu guda biyu: wasu su yi dariya har da ɗaukar bidiyo, wasu su ce a bar su za su sasanta kansu. Duk huɗun na ga inda suke kai mutum. Jifa da duka a nan laifi ne da zai iya haɗa ka da 'yan sanda, kuma suna ƙara hargitsa karen. Kau da kai da dariya kuwa suna barin abin ya yi tsawo har ya zama faɗa.

Abin da ya fara sauƙaƙa mini kunyar shi ne gane cewa mafi yawan hawan da ake gani a fili ba barbara ba ce. Namiji yana hawan namiji, karya tana hawan karya, wanda aka yi wa fiɗiya yana yi, har 'yan kwikwiyo na 'yan makonni suna yi cikin wasa. Da ana cewa nuna iko ne, wai na sama yana shaida wa na ƙasa shi ne babba. Masana halayyar karnuka na yanzu ba sa ɗora komai a kan wannan. Sun fi danganta shi da ɗoki da ya yi yawa, ko damuwa, ko rashin iya wasa. Kamar yaron da aka kai gidan biki ne, hayaniya ta yi masa yawa, ya rasa yadda zai yi da kansa sai ya fara jan rigar wani. Fiɗiya tana rage abin idan sha'awa ce take tura shi, amma idan ya riga ya zama ɗabi'a ba ta goge shi.

Bruno na wannan rukuni ne. Mintuna goma na farko lafiya lau yake. Idan sabon kare ya shigo, ko aka daɗe ana tsere, sai in ga ya zaɓi ɗaya ya nace masa. Yana da matakai, kuma kullum iri ɗaya ne. Zai fara bin sa yana shinshina ba ƙaƙƙautawa. Sai ya ɗora haɓa a kan kafaɗarsa ko gadon bayansa. Sai ƙafa ɗaya ta biyo. Daga ɗora haɓa zuwa hawa bai fi daƙiƙa biyu ko uku ba, kuma a nan ne aikina yake. Idan na kira shi a lokacin haɓa, yana juyowa. Idan ya riga ya hau, kunnensa ya toshe.

Shi ya sa ba na zama a benci, ba na kuma duba waya. Ina tafiya a hankali kusa da inda yake, da ɗan abin ci a aljihu. Da na ga haɓar ta sauka sai in kira sunansa da murya mai daɗi, ya zo, in ba shi, in sa shi ya zauna ko mu ɗan zaga tare. Idan ya koma wa wannan karen, sai in sa masa igiya mu tsaya gefe minti ɗaya ko biyu har numfashinsa ya daidaita. Idan ya koma karo na uku, ranar wasa ya ƙare, mu kama hanyar gida ba tsawa ba faɗa. A hankali ya gane cewa hawa yana kawo ƙarshen abin da yake so. Kiran nan ma ba a fili ya koye shi ba. A cikin falo muka fara, sai a wani lungu mai shiru da doguwar igiya, kullum kaɗan kaɗan, domin karen da bai amsa kira inda babu kowa ba zai amsa cikin taro ba. Na kuma lura idan muka yi tafiyar minti ashirin kafin mu shiga, ko muka je da sassafe kafin wurin ya cika, da wuya abin ya taso.

Wanda ya fi cancanta a sa wa ido shi ne karen da ake hawa. Wasu ba su damu ba, su karkaɗe jiki a ci gaba da tsere. Wasu kuwa suna faɗin ba sa so tun kafin su yi gurnani: jiki ya sandare, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, su riƙa lasar baki, su juyar da kai har farin ido ya fito, ko su zauna daɓas don kare bayansu. Akwai gwaji mai sauƙi da na koya daga wata dattijuwa da ke zuwa filin da karnuka biyu. Ka riƙe mai hawan na ɗan lokaci ka ga abin da ɗayan zai yi. Idan ya dawo yana neman wasa, to wasa ne. Idan ya yi nesa ko ya ɓoye bayan mai shi, ya gama ba ka amsa.

Wata Asabar na ga abin da ke faruwa idan ba wanda ya karanta waɗannan alamu. Wani mutum ya saki babban karensa ya koma jikin waya yana hira. Karen ya nace wa wata 'yar tsohuwar karya, ya hau, ta zame, ya sake hawa, ta zauna, ya sake. Mai karyar ta yi magana, mutumin ya ce ai wasa suke. A karo na biyar ko na shida karyar ta juyo ta kama masa kunne, wuri ya kaure. Matar ta sa hannu za ta kamo abin wuyan karyarta, cikin ruɗewa karyar tata ce ta cije ta a hannu. Kare da ya hargitse ba ya duba wanda ya taɓa shi ta baya. Na ja Bruno muka fita ta ƙofa kafin sauran su taru a kansu.

A hanya na yi ta lissafi. A New York cizon dabba sai an kai rahotonsa ga hukumar lafiya cikin awa 24, karen kuma a sa masa ido kwana goma saboda cutar haukan kare. Ga kuɗin likitan dabbobi, wanda duk mai zama a ƙasar nan ya san ba wasa ba ne. Ni kuwa karen ba nawa ba ne. Da Bruno ne a tsakiyar rigimar, sunana ne zai shiga takarda, maganar ta kai ga masu aikina, tsohuwar da ba ta da abokin hira sai shi ta kwana cikin tashin hankali. Daga abin da ake yi wa dariya ke nan.

Magana da mai wani kare ita ce ta fi mini wuya, domin a tarbiyyarmu mace ba ta tsayawa gaban namiji baƙo ta ambaci irin wannan abu. Sai na samo hanyar da ba sai na ambace shi ba. Ina cewa, "Don Allah ka kira naka, nawa ya gaji." Ba zargi a ciki, kuma yawanci suna kira. Idan aka ce mini wasa ne, ba na jayayya, sai in shiga tsakanin karnukan da jikina a natse, in kira nawa mu koma wani gefe ko mu tafi. Idan kuma Bruno ne ya fara, ina ba da haƙuri a taƙaice in janye shi, tun kafin a roƙe ni.

Abu biyu ne suka fita daga wannan tsari. Na farko, karyar da take lokacin neman namiji, abin da yake zuwa mata kusan sau biyu a shekara, ya kai mako biyu zuwa uku. Allon dokokin yawancin filayen ya hana kawo ta, domin ƙamshinta kaɗai yana isa ya haɗa maza faɗa. Idan har aka yi barbara ta gaske suka sarƙe, kada a ja su, kada a watsa musu ruwa, kada a buge su kamar yadda yara suke yi a gida. Jikinsu ne ya kulle, zai saki da kansa, yawanci cikin abin da bai wuce rabin awa ba, jan su kuwa yana iya yi wa duka biyun rauni. Na biyu, karen da bai saba hawa ba sai ya fara rana ɗaya, ko yana yawan lasar gabansa, ko fitsari yana ba shi wuya. Wannan na likitan dabbobi ne, domin ciwon mafitsara ko ƙaiƙayin fata na iya jawo shi.

Kwanaki wata babbar yayarmu 'yar Kumasi, wadda ita ma aka haɗa ta da gida mai kare, ta ja ni gefe bayan sallar Juma'a ta rage murya. Ta ce, "Ƙanwata, wannan abin da suke yi a fili, ke yaya kike yi da idonki?" Na ce, "Yaya, a kansu nake ajiye shi." Ta rufe baki tana dariya, ta ce ita da ta gani sai ta juya baya ta yi kamar tana neman wani abu a jaka. Na ce mata daidai wannan lokacin ne karen yake bukatar ta.

Ban ce a yar da kunya ba. Ita ce ta sa har yau ba na iya yi wa abin dariya, kuma ita ta koya mini yin magana da baƙo ba tare da na ci fuskarsa ba. Amma igiyar da aka miƙa mana amana ce, ko ta dabba ce, kuma wanda aka ba amana ba ya juya mata baya don ganinta ya yi masa nauyi. Duk wanda aikinsa ko karatunsa ya kai shi ga riƙe karen wani, ya koyi alamun karen da yake riƙe, ya tsaya kusa, ya kira shi tun yana iya ji. Idan ranar ta ƙi, ƙofar fita tana nan, gobe ma a dawo.